Na yi gwajin hali a waya, ya ce ni INFP ne

A fadarmu, wato majalisar hirar abokai ta unguwar Birni a Damagaram, ni ne mai dafa shayi, shekara wajen shida ke nan. Abokaina sun ɗauka gwaninta ce ta sa. Gaskiyar magana, wanda ke fifita gawayi yana juya buta ba a matsa masa sai ya sa baki a hira. Kafin a kai shayi na uku sai in ji jikina ya mutu kamar na wuni a gona. In na tashi da wuri, a ce girman kai. A gida kuwa Inna ta daɗe da yanke hukunci: miskili ne, haka Allah ya yi shi.

Ƙanwata da ke karatu a Jami'ar André Salifou ce ta turo mini shafin gwajin halin ta WhatsApp, ta ce, “Yaya, don Allah ka cika wannan.” Kyauta ne, da Faransanci, tambaya 60. Kowace tambaya magana ce a kan halinka, ƙarƙashinta ɗigo bakwai, daga “na yarda ƙwarai” zuwa “sam ban yarda ba”. Na gama cikin minti goma sha biyar bayan sallar isha'i, kuma bai ci forfen intanet mai yawa ba.

Sakamakon haruffa huɗu ne, INFP, ɗaya daga cikin rukuni 16. Tushen abin littafin da likitan ƙwaƙwalwa Carl Jung na ƙasar Suwizalan ya fitar a 1921 ne. Daga baya wata Ba'amurkiya, Katharine Briggs, da ɗiyarta Isabel Myers suka mai da ra'ayinsa tambayoyi a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Shafukan kyauta irin wanda na yi aron haruffan suka yi, ba ainihin gwajin matan biyu ba ne. Harafin farko na nufin mai komawa cikin kansa, na biyu mai hangen abin da zai iya kasancewa fiye da abin da ke gabansa, na uku mai auna hukunci da zuciya, na huɗu wanda ba ya son a ɗaure shi da tsari.

Bayanin harafin farko shi ya fi taɓa ni. Ya ce akwai wanda taro ke ƙara wa kuzari, akwai wanda taro ke zuƙe wa, sai ya kaɗaita ƙarfinsa ke dawowa, kuma wannan ba ƙin mutane ba ne. Na karanta wurin sau uku. Na tuna ranar hawan Sallah, ana cincirindo a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, ga dawakai ga algaita, ina jin daɗin kallon har zuciya, amma bayan awa guda sai na sulale na hau duwatsu na zauna ni kaɗai. Shekara da shekaru ina ɗaukar wannan a matsayin laifi da nake ɓoyewa. Ban taɓa jin an faɗe shi ba tare da zargi ba sai a daren nan.

Batun dogon buri da bayanin ya kawo ma ya same ni. Ni malamin firamare ne, yara sun haura saba'in a ajina. Akwai yarinya a layin baya da har yanzu ba ta haɗa baƙi, kullum tana ɗaga hannu tana cewa “Mushe, Mushe”, yadda yara ke kiran malami da Faransanci, kullum lokaci na ƙarewa ban kai gare ta ba. Abokan aiki suna barin irin wannan a bakin ƙofar lakkol, ni kuwa da shi nake kwana. Gwajin ya ce masu irin halina suna zana duniya yadda ya kamata ta kasance, sannan su ji ciwo in ta ƙi, kuma sukan fara abu da zafi su kasa kai shi ƙarshe. Kwalin littattafan da na tara don buɗe wa yara ɗakin karatu yana nan ƙarƙashin gadona tun bara.

Sai dai wanda ya tsara tambayoyin bai san rayuwarmu ba. Yana tambaya ko kana son zuwa taro kamar zaɓi ne. A nan suna, ɗaurin aure, gaisuwar mutuwa da dubiya hakki ne a wuyanka, ko kana so ko ba ka so. Kuma bai bambanta kunya da son kaɗaici ba. Yaron da ya yi shiru gaban manya tarbiyya ce, a fada wataƙila shi ya fi kowa surutu. Rashin fassarar Hausa ma ya dame ni, don Inna ce na fi so ta ji wannan bayani.

Bayan wata biyu na sake yi, sai ya ba ni INFJ, wato harafin ƙarshe ya koma na mai son tsari. Da na duba, harafin ƙarshe tun farko a tsakiya nake, amsa biyu ko uku suka tura ni wancan gefen. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna sukar wannan tsari a kan haka: yawancin mutane a tsakiya suke, shi kuwa yana raba su gida biyu. Akwai kuma gwajin da Bertram Forer ya yi a 1948, inda ya ba ɗalibansa bayanin hali iri ɗaya, kusan kowa ya ce ai shi aka siffanta. Saboda haka ban sayi cikakken rahoton da ake biya ba, kuma ba zan so a zaɓi matar aure ko ma'aikaci da waɗannan haruffa ba. Amma harafin farko bai motsa ba duka sau biyun, kuma shi nake buƙata.

Ranar Juma'ar da ta wuce na faɗa wa ƴan fada cewa daga yanzu zan riƙa tashi bayan shayi na biyu, ba don wani ya ɓata mini ba, gajiya nake yi. Aka yi shiru kaɗan. Babban cikinmu ya ce, “To Malam, ka koya wa wani na ukun kafin ka tafi.” Na miƙa wa ƙaraminmu buta, na nuna masa yawan sukarin.