Digirin Digirgir a Kimiyyar Halittu: Wace Ƙofa Za Ka Ƙwanƙwasa?

Yawancin masu neman digirin digirgir a kimiyyar halittu da sunan jami'a suke fara lissafi. Ni abu biyu nake fara tambaya: wa zai ɗauki nauyin binciken daga farko har ƙarshe, kuma in kai da malamin da ke duba aikinka kuka saɓa, wa za ka kai wa kuka?

Aikin nan da abu mai rai ake yin sa, shi kuwa ba ruwansa da jadawalinka. Ɓera takan yi kusan mako uku da ciki, 'ya'yanta su yi mako shida zuwa takwas kafin su kai haihuwa, don haka samar da irin ɓeran da gwajinka ke buƙata kawai zai iya cinye watanni. Wata safiya ka leƙa madubin ƙara girma ka tarar fumfuna ta mamaye ƙwayoyin da ka daɗe kana reno. Firizar da ke riƙe samfura a digiri 80 ƙasa da sifiri ta mutu a ƙarshen mako, aikin shekara ya narke. Shi ya sa tallafin shekara biyu da aka ce wai ana iya sabuntawa ba ya kwantar mini da hankali.

Zaɓina, ba na ɓoyewa, shi ne shirye-shiryen manyan cibiyoyin bincike na Turai. EMBL, wato cibiyar binciken kimiyyar halittu ta ƙasashen Turai, wadda aka kafa a 1974, hedikwatarta na Heidelberg a Jamus, tana da rassa a Hamburg da Grenoble da Roma da Basalona da Hinxton ta Ingila, kuma tun 1983 take horar da ɗaliban digirgir. Ƙungiyar bincike ta Max Planck da ke Jamus ta fara makarantunta na horar da ɗaliban digirgir, waɗanda ake kira IMPRS, a 2000, yanzu sun haura 60, da Turanci ake aiki a cikinsu, jami'ar da suke haɗin gwiwa da ita ce ke ba da digirin. Vienna BioCenter a Austiriya da cibiyar Francis Crick a Landan su ma kusan tsarinsu ke nan. Gurbin da kuɗinsa yake zuwa. Akan gayyato waɗanda aka tantance su yi kwanaki ana ganawa, su zagaya ɗakunan gwaje-gwaje, su zaɓi shugabannin bincike, su ma shugabannin su zaɓa. Na'urorin karanta DNA da manyan madubai na kowa da kowa ne, da ƙwararrun ma'aikata a kansu, ba sai ka yi ta roƙon makulli ba.

Abin da ya fi jan raina shi ne kwamitin sa ido. Malamai uku ko huɗu, har da na waje, suna zama da kai duk shekara su ga inda aka kwana. A wurare da dama akan sa malaminka ya fita, a tambaye ka kai kaɗai ko akwai damuwa. Wanda bai taɓa zama ƙarƙashin mutum guda ba ba zai san darajar wannan ba. Na yi aiki da malamin da shi ne wuƙa shi ne nama: babin kundina ya yi watanni a teburinsa ba a buɗe ba, kuɗin sinadarai suka ƙare, ba kuma wanda ke da hurumin ce masa kanzil. Ilimi yana da shi, amma ba mai tambayarsa.

Amurka na da abu guda da nake yabawa: a shekarar farko kana zagaya ɗakunan gwaje-gwaje kamar uku kafin ka zaɓi malami. Sai dai ka shirya wa shekara biyar zuwa shida, da darussa da jarabawar cancanta. Holan da Suwidin da Denmak da Norwe ma'aikaci suke ɗaukar ka, da albashi da hutu. In ka samu, karɓa. Guraben Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai suna biya da kyau, amma wata 36 ne a al'ada, kuma sharaɗin shi ne kada ya zama ka zauna a ƙasar da za ka yi karatun fiye da wata 12 cikin shekara uku da suka wuce. A Birtaniya ka tabbatar tallafin ya rufe kuɗin makaranta na ɗalibin waje gaba ɗaya, don wasu na ɗan ƙasa kawai suke biya. Ɗaukar nauyin kai kuwa, a fannin da kowane gwaji kuɗi ne, ban ba kowa shawara ba.

Duk inda ka nufa, buɗe PubMed, rumbun maƙalolin kimiyyar halittu da lafiya a intanet, ka duba maƙalolin malamin na shekara biyar. Ɗalibansa suna fitowa a sahun farko na marubuta? Nemi wanda ya riga ya bar wurin ka tambaye shi shekara nawa ya yi, don na ciki ba kowa ke iya buɗe baki ba.

Sai 'yan damfara, waɗanda suka fi guraben yawa. Duk wanda ya ce ka biya shi ya samo maka gurbi mai tallafi, maƙaryaci ne; ba dillalin da ke zama a kwamitin tantancewa. Jami'o'in Amurka da yawa suna karɓar kuɗin cike fom, amma a shafinsu ake biya, ba a asusun wani mutum ba. Wasiƙar ɗauka in ta zo daga Gmail ko ta WhatsApp, alhali ba wanda ya gana da kai, a kuma ce ka turo kuɗin biza cikin kwana biyu, ta bogi ce, ko da tambarin jami'a ya yi kyau. Suna satar sunan farfesa na gaske da hotonsa. Je shafin jami'ar da kanka, ɗauko imel ɗinsa daga can, ka tambaye shi.

Mafi muni su ne masu cewa ba za a ɗauke ka ba sai da maƙala, su kuma za su buga maka cikin mako guda, ko su sayar maka da gurbin suna a aikin da ba ka taɓa gani ba. Jeffrey Beall, wani ma'aikacin laburaren jami'a a Amurka, ya daɗe yana tara sunayen mujallun da ke irin wannan damfara kafin ya rufe jerin a Janairun 2017, kuma ba su ragu ba. A 2023 kaɗai kamfanin buga mujallun kimiyya na Hindawi ya janye maƙaloli sama da 8,000, galibi saboda irin wannan maguɗi. Masu tantancewa sun san mujallun nan, kuma ganin guda a takardunka ya fi rashin maƙala illa. Kafin ka aika aikinka ko'ina, duba ko mujallar na cikin MEDLINE ko DOAJ, wato jerin mujallun da aka tantance, sannan ka rubuta wa ɗaya daga cikin editocin da ta lissafa ka ji ko ya san sunansa na wurin.