Ruwan kurkure baki mai sa haƙori fari: abin da na gani bayan wata uku

Na fi shekara 20 ina cin goro, ga shayin fada kullum bayan isha'i. Haƙorana na gaba sun rine, abin kuma yana damuna, don a shago nake wuni ina magana da mutane. Da na ga ruwan kurkure bakin nan a wata farmasi kusa da babbar kasuwar Maraɗi, na biya jaka 3 da rabi na ɗauko.

Ban yi masa wasa ba. Safe da dare, bayan na goge baki, in cika murfi, in kurkura minti ɗaya, in tofar. Kwalba ba ta wuce mini sati biyu, don haka a wata uku kwalba 6 na ƙarar. Jaka 21 ke nan.

Warin baki ya tafi tun satin farko, wannan kam na yaba. Fari kuwa sai a wata na biyu na ga ɗan haske, shi ma uwargida ce kaɗai ta lura. Sinadarin da ke aikin, haidurojin feroksaid, bai wuce kashi 2 cikin 100 ba a ruwan, kuma minti ɗaya kawai yake yi a baki. Ina zai iya da rinin shekara 20? Jan da ya daskare a gindin haƙori, kusa da dasashi, ko gezau bai yi ba. Daga baya likitan haƙori ne ya kankare shi da na'ura a zama ɗaya. Ga tsamin haƙori da ya kama ni in na sha ruwan sanyi.

Abin da ya fi taɓa mini rai shi ne ɗan ƙanwata da ya taso a garin Tibiri, kusa da Maraɗi. Haƙoransa duk tabo ne ruwan ƙasa-ƙasa, saboda yawan wani sinadari mai suna fuloraid da ke cikin ruwan da ya sha yana ƙarami. Ya ce, "Kawu, in saya?" Na ce masa kada ya ɓata kuɗinsa. Nasa tabon a cikin haƙorin yake tun fitowarsa, ruwan nan kuwa iyakarsa sama-sama.

Wanda zai saya ya duba jikin kwalba, don wasu akwai alkol a ciki. Ba a haɗiyewa, ba a kuma ba ƙananan yara.

Ni dai ban sake saye ba. Na rage goro zuwa ɗaya a wuni, ina kurkure baki da ruwa bayan shayi, asuwakina kuma yana aljihu.