Wace na'urar neman zinariya ce ke jure jar ƙasar Mayo-Rey?

Tun da labarin zinariyar Tibesti da ke arewacin Chadi ya bazu wajen 2013, samari daga Garwa har Injamena ba su da hira sai ta aparai, wato na'urar neman zinariya. Mai nufin Kuri Bugudi da mai zuwa dajin Cholire da ke Mayo-Rey a Kamaru ko Pala a Chadi duk tambayarsu ɗaya: wacce zan saya?

Ƙasar da ke ɓoye zinariya ita ce ke wahalar da na'ura. Marmara da jar ƙasa cike suke da sinadarin ƙarfe, ga baƙin yashi, ga duwatsun da ke sa na'ura kuka alhali ba komai. Ƙananan nan irin su Gold Monster 1000 da Gold Bug 2 suna jin 'yan ƙwayoyi a sama-sama, amma a marmara surutunsu ya fi aikinsu. GPZ 7000 tana nutsawa ƙwarai, sai dai ta haura kilo 3, kuɗinta kuma na alhazai ne.

Ni GPX 5000 nake riƙe da ita, ta kamfanin Minelab na Ostareliya, wadda ta fito a 2010. Takan harba bugun lantarki cikin ƙasa, ta ɗan dakata amsar ƙasa ta lafa, sannan ta saurari ta ƙarfe, wadda ta fi daɗewa. Shi ya sa inda wasu ke ihu, ita sai gunji siriri a kunne. Saitinta takwas ne, kuma na Fine Gold don irin jar ƙasarmu aka yi shi. A faifai, wato kan na'urar da ake shara da shi a ƙasa, na Mono ya fi nisa, idan ƙasa ta yi gardama sai ka ɗaura na DD. Ka riƙa ɗaga faifan kana saukewa har sautin ya daidaita kafin ka fara shara, duk inda launin ƙasa ya sāke kuma ka maimaita. Batirinta yana caji a mota. Aibinta ɗaya, ƙusa da gwangwanin sardin ma tana kiranka, za ka sha tono.

Amma ɗan'uwa, jabu ne ya cika kasuwa. Ni kaina na sayar da shanu biyu na sayi wata a hannun wani dillali, kwali da tambari ba su da maraba da na gaske. A shagonsa ta yi ƙara a kan zobe, na ji daɗi. Da muka isa daji, ko ina aka ɗora ta kuka take, maɓallanta kuwa ko ka murɗa ba abin da ke sauyawa. Kwana 20 muna cin guzuri a banza. Har yau abin yana ci mini rai.

Zobe ba gwaji ba ne, ko na'urar wasan yara tana jin sa. Ka ɗebo buhun ƙasar wurin da za ka yi aiki, ka binne ƙwayar zinariya da ba ta kai giram ba, a gwada a gabanka, nesa da wayar wuta. Ka duba lambar tsaro da ke jikinta, ka tantance ta a shafin kamfanin kafin ka ƙirga ko dala. Ka bincika faifai da batir daban, don akan haɗa uwa ta gaske da faifan jabu. Na'urori masu ƙananan sandunan eriya da ake cewa suna nuno zinariya daga kilomita guda kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka ɗora wa motarka nauyinsu.