Laburaren Gwamnati ko Babbar Waya: Amsa ga Mahaifin da Ɗansa ke Shirin JAMB

Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwa a wannan zaure, manomi daga wani ƙauye a ƙasar Ringim, ya ce ɗansa ya kammala sakandare yana shirin zana jarrabawar JAMB, kuma kuɗin da ya ware daga cinikin riɗi ba za su ɗauki abu biyu ba: ko dai ya saya wa yaron babbar waya ya riƙa sa masa data, ko kuwa ya riƙa ba shi kuɗin mota yana zuwa laburaren gwamnati a cikin gari. Malam, na fi karkata ga laburare, amma da sharaɗin da zan kawo a gaba.

Ta fuskar kuɗi, wayar ba sau ɗaya ake biyanta ba. Bayan kuɗin saye akwai data da ke ƙarewa kowane mako ko wata, akwai kuɗin caji a shagon mai janareta ko mai sola idan ƙauyen ba shi da wuta, akwai kuma gyara ranar da gilashi ya fashe. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100, kuma karatu ta bidiyo shi ne ya fi cinye data. Laburaren gwamnati kuwa an gina shi ne a kan cewa kowa ya shiga ya karanta ba tare da ya biya ba, ƙa'idar da UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta shimfiɗa a sanarwarta ta 1949 kan laburaren jama'a. Abin da akan nema shi ne rajista da hoton fasfo, a wasu wuraren da ɗan kuɗin kati. Kuɗin mota ne kaɗai nauyin da zai riƙa dawowa, shi ma yakan yi sauƙi a ranar kasuwa da motoci da babura suke yawa.

Abin da ake samu a ciki ya fi yadda yawancinmu muke zato. Akwai littattafan darussan sakandare na lissafi da Turanci da kimiyya, waɗanda sayen cikakken saitinsu a yau ya fi ƙarfin magidanci da yawa. Akwai sashen bincike inda ake ajiye ƙamus da taswira da manyan littattafan da ba a ba da aronsu. Yawanci akwai sashen jaridu da mujallu, da na yara ƙanana, da kantar littattafan Hausa da na Larabci. Jigawa tana da hukumar laburare mai hedikwata a Dutse, Kano kuma tana da tata a Laburaren Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello, kowace da rassa a wasu manyan garuruwa. Ba kuma sabon abu ba ne a ƙasar nan, domin tun zamanin En'e ake da ɗakunan karatu a garuruwan Arewa inda mutane suke zuwa karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939.

Waya tana da nata gatan, kuma adalci ne a faɗe shi. Tana hannun yaro dare da rana, ba ta rufewa da la'asar, ba ta da hutun ƙarshen mako. Manhajar JAMB ta kowane darasi, wato jerin batutuwan da za a yi tambaya a kansu, tana shafin hukumar kyauta, haka nan jerin kwasa-kwasan jami'o'i da darussan da kowane kwas yake buƙata. Littafin labarin da ake ɗora wa ɗalibai a takardar Turanci ana sauya shi lokaci zuwa lokaci, kuma reshen laburare na karkara da ya daɗe bai sami sababbin littattafai ba, da wuya a same shi a can. Sanarwar ranar rajista da ta jarrabawa ma ta waya take fara isowa. Sai dai a lura cewa rajistar kanta ba ta buƙatar babbar waya. Lambar NIN ake turawa ta saƙon tes daga layin da yaron ya mallaka domin a karɓi lambar rajista, kuma ƙaramar waya mai madannai ta isa wannan aiki.

Inda iyaye suka fi yin kuskuren lissafi shi ne batun kwamfuta. Tun daga 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗayanta a kan kwamfuta ake yin ta, kuma a yanzu tambayoyi 180 ne cikin awa 2, guda 60 na Turanci, sai 40 a kowane ɗaya daga cikin sauran darussa uku. Yaron da ya saba shafa gilashin waya da yatsa bai saba da allon madannai ba, alhali a ɗakin jarrabawa haruffan A, B, C da D zai riƙa latsawa don zaɓen amsa, N don wucewa gaba, P don komawa baya. Ɗalibin ƙauye mai ƙoƙari yana iya asarar mintuna masu tsada saboda fargabar na'urar da bai taɓa zama a gabanta ba, ba don bai san amsa ba. Laburaren da yake da sashen kwamfuta mai aiki yana cire wannan fargaba kyauta ko da kuɗi kaɗan, abin da waya ba za ta iya ba komai tsadarta.

Abu biyun da suka fi rinjayar da ni su ne wuri da mutum. A gida yaro ba nasa ba ne: za a aike shi ɗebo ruwa, za a ce ya kai dabbobi kiwo, ƙanne suna hayaniya, abokai suna sallama a ƙofar gida. Wayar da aka saya don karatu kuma ita ce take ɗauke da Facebook da TikTok da WhatsApp, waɗanda aka ƙera su musamman don su riƙe hankalin mai kallo, kuma ba adalci ba ne a ɗora wa ɗan shekara 17 nauyin yaƙi da su shi kaɗai cikin dare. A laburare akwai teburi da kujera da shiru, akwai sa'o'insa da suke shirin JAMB ko WAEC ko NECO, waɗanda zai gani sun duƙufa shi ma ya duƙufa, su yi musayar tsofaffin tambayoyi, wanda ya fi gane lissafi ya warware wa ɗan'uwansa. Sannan akwai ma'aikacin laburare, wanda aikinsa ne ya nuna wa mai karatu littafin da ya dace da matakinsa da babin da zai fara da shi. A intanet babu mai tace wa yaro gaskiya da ƙarya, kuma can ne masu damfara suke tallar amsoshin jarrabawa ko alkawarin ƙara maki, su karɓi kuɗi su ɓace.

Kai ma, Malam, da ƙannen yaron kuna da rabo a wurin, domin katin ba na 'yan makaranta kaɗai ba ne. Idan ka je, ka tambaya ko suna da ƙasidun noma na cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Sharaɗin da na ambata shi ne cewa rassan ba daidai suke ba. Wani yana da littattafai da wuta da ma'aikata masu himma, wani kuwa gini ne da tsofaffin littattafai, kwamfutocin suna lulluɓe saboda babu lantarki. Gani ya kori ji, don haka kafin ka yanke shawara ka ɗauki yaron ku je reshen da ya fi kusa da ku a ranar aiki. Ku duba ƙarfe nawa ake buɗewa da rufewa, ko ana buɗewa ran Asabar, ko akwai littattafan darussa huɗun da zai zana, ko ana ba da aro zuwa gida da abin da ake nema kafin a bayar, sannan ku roƙi a kunna kwamfuta ɗaya a gabanku.

Idan kun tarar da wurin yana aiki, ka raba kuɗin gida biyu: kaso mafi yawa na mota, kwana biyu ko uku a mako daga bayan kaka har zuwa jarrabawa, sauran kuma na rajista da jarrabawar gwaji da JAMB take shiryawa kafin ta gaske. Manhaja da sanarwa yana iya duba su a wayar malaminsa ko ta wani ɗan'uwa, a buga masa manhajar a takarda ya riƙa bi yana yi wa abin da ya gama alama. Idan kuwa reshen ba ya aiki kuma Dutse ta yi muku nisa, to a sayi wayar, a sa mata manhajar tsofaffin tambayoyi mai aiki ba tare da data ba, ta riƙa kwana a hannunka, kuma a biya masa 'yan awoyi a shagon kwamfuta mafi kusa ya saba da madannai tun kafin ranar jarrabawa. Allah ya ba shi sa'a.