Gas ko kananzir: abin dubawa kafin a saya a Garwa da Marwa

Gas ɗin girki da kananzir da kakin kyandir dangi ɗaya ne. Galibin abin da ke cikinsu sinadaran da ake kira alken ne, wato kabon da haidirojin zalla, kowane kabon ya cika hannayensa huɗu, babu gurbin ƙari. Tsawon sarƙar kabon ne ya raba su. Butan na tukunyar gas kabon 4 gare shi, yana tafasa a wajen digiri 0, shi ya sa da an murɗa sai ya fito iska. Kananzir kabon 10 zuwa 16 ne, tururinsa ba ya kama wuta sai ya kai kusan digiri 38.

Ga gidan da ake ɗora tukunya sau uku a rana, gas ya fi. Akwai tukunyar gas mai kilo 6 da mai kilo 12.5. A ɗora ta kan sikeli kafin a biya, a cire nauyin tukunyar da aka buga a jikinta, abin da ya rage shi ne gas ɗin. A tabbata detandar da za a saya, wato kan da ke rage ƙarfin fitar gas, ta butan ce, mai milibar (ma'aunin matsi) 28 zuwa 30, kuma ta dace da bakin tukunyar, don ba duk kamfanoni ne bakinsu ɗaya ba. Tiyo yana da ranar ƙarewa a jikinsa. Zafin Maris da Afrilu na tsattsage shi da wuri. A shafa ruwan sabulu a mahaɗa, in ya yi kumfa akwai yoyo. Butan ya ninka iska nauyi, a ƙasa yake taruwa, saboda haka a ajiye tukunyar a tsaye, cikin inuwa, inda iska ke ratsawa.

Risho ya fi arha, kuma ana sayen kananzir lita-lita, amma haɗarinsa shi ne a gauraya shi da fetur. Fetur yana kama wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, don haka ɗan zuwa-zuwa kaɗan, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri, a cikin kananzir ya isa ya fasa risho ko fitila. Wanda ke warin fetur, ko ya bushe nan take a yatsa, a bar wa mai shi. Kada kuma a ƙara mai wuta na ci.

Ko wanne aka zaɓa, a dubi harshen wutar: shuɗi ake so. In ya yi rawaya yana baƙanta gindin tukunya, iska ba ta isa ba, a gyara lagwani ko a share ramukan murhun.