Sandar koyon lag a golf: wacce za ka saya, wacce za ka bari

Duk wanda ya ɗan jima a filin golf ya sha jin ana cewa wane ba shi da lag. Abin da ake nufi shi ne hannuwanka su riga kan sanda saukowa, shi kan yana biye a baya, sai dab da ƙwallo ya fyaɗo kamar bakin dorina. Nemi bidiyon Sergio Garcia, ƙwararren ɗan golf ɗin Sifaniya, ka rage masa gudu za ka gani da idonka. Mu kuwa yawancinmu tun daga sama muke sakin wuyan hannu kamar mai jefa fatsa a kogi, kafin a iso ƙwallo ƙarfi ya ƙare, ko ka tono ƙasa ko ka daki ƙwallon a ka ta gangara gabanka kadi mai ɗaukar maka jakar sanduna yana kallo.

Ni na yi wajen shekara biyu ina ƙanƙame wuyan hannu da gangan wai ina riƙe lag, ba abin da na samu sai ciwon gwiwar hannu da ƙwallaye a jejin dama. Abin ba na ƙanƙamewa ba ne, ji ake yi, in ƙugu ya fara juyawa hannu ya saki jiki kan sanda da kansa zai tsaya a baya. Shi ya sa in zan auna kayan koyo tambayata ɗaya ce, shin abin yana tilasta maka ka jira?

Orange Whip ce tawa, ba zan ɓoye ba. Wani kocin golf ɗan Amurka Jim Hackenberg ne ya ƙirƙiro ta, a can ake haɗa ta. Babbar inci 47 ce, nauyinta fam 1.75 wato kusan giram 800, akwai ƙwallo mai ruwan lemo a baki, akwai wani nauyin kuma a gindin mariƙi, sandar tsakiya tana lanƙwasa sosai. Wannan nauyin na gindi shi mutane ba sa lura da shi alhali shi ke daidaita ta a hannu. In ka yi gaggawa daga sama sai ta karkace ta ja ka gefe har ƙafarka ta ɗaga, in ka jira kuwa za ka ji nauyin lemon yana ja a baya kamar majajjawa, sannan ya wuce ka da kansa. Ni lilo ashirin nake yi da ita a tsakar gida bayan asuba, gaba da baya ba tsayawa, lokacin hunturu ma ita ke warware min baya kafin ramin farko. Sai dai ba a buga ƙwallo da ita, kuma in kai gajere ne ɗauki matsakaiciyar, kuma don Allah ba a falo ba, fanka ba ta yafiya.

SKLZ Gold Flex ta fi araha, akwai mai inci 48 da mai 40, za ta yi maka ɗumin jiki amma ni ban ɗauke ta malama ba. Lag Shot mai shuɗiyar sanda ana buga ƙwallo da ita, to madalla, in kana da filin atisaye kusa da kuɗin kwandon ƙwallo kullum. Jakar duka kuwa, wadda ake duka da sanda a maimakon ƙwallo, cusa tsummokara a buhu ka huta. In aljihu ba nauyi ƙulla bakin tawul ka rinƙa lilo da shi, rabin darasin yana nan.

Yanzu ga inda aka ƙone ni. Wani mai shago a intanet ya sa hoton Orange Whip ta gaskiya da farashin da bai kai rabi ba, ni kuma kwaɗayi ya ja ni na tura kuɗi. Da aka kawo, sandar ta yi tauri kamar ƙotar fartanya, gindin ba nauyi ko kaɗan, a sati na biyu ina cikin lilo ƙwallon bakin ta cire ta haura katanga, Allah ya kiyaye ba yaro a wajen. Na kira, lamba a kashe.

Don haka kafin ka tura ko sisi, ka ce mai sayarwa ya ɗora ta a sikeli ya yi maka bidiyo kana ganin lambar, ya lanƙwasa ta da hannu, ya nuna maka gindin mariƙi da inda ƙwallon ta haɗu da sanda, in ka ga gam ya tsattsafo a wurin ka gudu. Ta gaskiya ta haura dala 100 tun a Amurka, ka ɗora kuɗin kargo na abu mai tsawo haka da na kwastan, to ta yaya wani zai sayar maka ƙasa da haka yana cewa "orijina ce Alhaji, saura ɗaya"? Masu cewa tokumbo ce ma ka duba sandar a rana ko akwai tsaga. In kana da mai dawowa daga waje ka roƙe shi ya riƙo maka da rasit, amma ka gaya masa tsawonta tun da wuri, ba ta shiga akwati.