Fitilar sola mai haske biyu, bayan wata uku a gidana

A kasuwar Maigatari na saye ta wata Alhamis, bayan mun sha ciniki da mai rumfar. Babu suna a jikinta sai rubutun Sinanci. Faifan cajin nakan ɗora shi a kan rufin akurki da hantsi, in sauke da la'asar. In rana ta buɗe, tana kai mu tsakar dare ba ta dushe ba. Ranar hazo kuwa sai haƙuri. Kafar cajin waya da ke gefenta tun sati na biyu ta mutu.

Don babban ɗana na saya, yana hadda, ya kai izu 20. Haskenta iri biyu ne, fari fat da mai ruwan ɗorawa irin na fitilar ƙwai. Yaro ya zaɓi farin, ya riƙa tilawa har ɗayan dare, ni kuma ina ta fasa kai. Sai malaminsu ya tare ni bayan sallar Juma'a: "Malam, lafiya yaron nan kuwa? Abin da ya biya jiya, yau ya zube."

Kunya ta kama ni, don kimiyyar halittu nake koyarwa a sakandare. Jikin mutum yana da agogonsa, kuma ƙwayoyin gado ne ke juya shi, irin su Per da Cry da Clock da Bmal1. Furotin ɗin da Per ke samarwa yakan taru, ya taka wa kansa birki, ya narke, zagaye ɗaya cikin kusan awa 24. A jikin ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young suka gano haka, aka ba su kyautar Nobel a 2017. Agogon yana aiki har cikin hifokamfos, sashen ƙwaƙwalwar da sabon karatu ke fara sauka, inda mahaɗar jijiyoyi ke ƙara ƙarfi in an koyi abu. Ɓerayen da aka lalata wa Bmal1 sukan kasa riƙe abin da aka koya musu yadda ya kamata. Hasken da ke shiga ido shi ke saita agogon, farin haske mai shuɗi-shuɗi da dare kuma yana danne melatonin, sinadarin da jiki ke fitarwa da dare mai kawo barci, barci ya ƙi zuwa da wuri. Alhali cikin barci ne karatun yini ke kama ƙasa.

Yanzu doka na kafa. Bayan isha'i mai ruwan ɗorawa, ƙarfe goma a kashe. Farin sai da asuba, lokacin da dama tsangayu suke tashin almajirai tun kaka da kakanni. Ko fitilar ce ko barcin da ya ƙaru, malam dai ya daina ƙorafi.

Zan sake saye, amma sai na gwada kafar cajin a gaban mai rumfa. Uwar yaran ma ta sa mata ido, wai farin ya fi nuna mata tsakuwa in tana tsintar shinkafa.